Kundin aikin tanderun farar ƙasa: gwajin rarrafen ƙarfe marar tsatsa a Katsina

12 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta halin da ake ciki game da tanderun gasa farar ƙasa da muka gina a bayan gari, ta hanyar Dutsinma, wanda ya fara ba mu ciwon kai tun bai cika wata biyar da kunna wuta ba. Daga Ƙanƙara ake kawo farar ƙasar, a niƙa ta, a zuba a tire, a gasa ta a zafin digiri 750 na ma'aunin Salshiyas, har ruwan da ke ɗaure a jikinta ya fita, ta koma garin da ake gaurayawa da siminti. Tiren suna zaune ne a kan sanduna na ƙarfe marar tsatsa, wanda 'yan kasuwa ke kira sitenlas, kuma waɗannan sandunan ne suka yi ciki a tsakiya kamar igiyar shanya da aka loda wa jiƙaƙƙun kaya, har tiren sama ya fara taɓa na ƙasa.

Da Alhajin da ya zuba kuɗinsa a aikin ya zo ya gani, sai ya ɗauki sanda ɗaya ya jujjuya ta, ya ce, "Injiniya, ba kai ka ce mini wannan ƙarfe ba ya jin wuta ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bai ƙone ba, bai kuma yi tsatsa ba, rarrafe ya yi." Ya yi dariya, ya ce shi dai jariri ya sani da rarrafe. Kalmar kuwa ita ce ta fi dacewa da abin da ya faru, domin nauyin da ke kan sandunan bai kai ko kusa da abin da za su iya ɗauka da sanyinsu ba, kuma da a ranar farko aka buɗe tanderun, da miƙe sambal za a same su. Rarrafe shi ne ƙarfe ya riƙa saki sannu a hankali, kullum kaɗan, a ƙarƙashin nauyin da bai ƙaru ba, muddin yana cikin zafi mai tsanani. Tun a 1910 wani masani a Ingila mai suna Andrade ya bayyana yadda wayar ƙarfe ke miƙewa da tafiyar lokaci in an rataya mata kaya. Abin yana fara zama abin damuwa ne idan zafi ya wuce kimanin kashi 40 cikin 100 na zafin narkewar ƙarfen a ma'aunin Kelbin, wato digirin Salshiyas an ƙara masa 273. Irin wannan ƙarfe namu yana fara narkewa a wajen digiri 1400, saboda haka digiri 750 ya haura kashi 60 cikin 100.

A jikin guntun da ya rage daga sandunan na ga tambarin 304L, wato lambar irin ƙarfen. Niyyata ita ce in tattara ire-iren ƙarfe marar tsatsa da hannu zai iya kaiwa gare su, in gasa su tare a ƙarƙashin nauyi guda, mu ga abin da kowane mahaɗi yake tsinanawa kafin a sake kashe kuɗi.

3 ga Nuwamba, 2024

Neman samfura ya ci mini mako uku da tafiya biyu zuwa Kano. A nan gida sanin da aka yi wa ƙarfe yawanci na rodin gini ne da bututu da falle, in ka ambaci lamba irin 321 sai a dube ka. A ƙarshe na haɗa guda shida: 430, da 304L ɗinmu, da wani 304 da aka ciro daga tsohuwar tukunyar tururi, da 316L, da 321, da 310S.

Abin da ya sa ake ce wa ƙarfe marar tsatsa shi ne kuromiyam, wanda dole ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100, domin shi ne ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen wadda ke hana tsatsa ci gaba da ci. Harry Brearley ya gano irin wannan ƙarfe a birnin Shefild na Ingila a 1913. Daga nan ne ire-iren suka rarrabu. Samfurin 430 kuromiyam ne kashi 16 zuwa 18, kusan babu nikel. Shi 304 yana da kuromiyam 18 zuwa 20 da nikel 8 zuwa 10.5. A 316 an rage kuromiyam kaɗan, an ƙara nikel, an kuma zuba molibdenam kashi 2 zuwa 3. Shi 321 ɗan gidan 304 ne da aka sa wa titaniyam, shi kuwa 310S kuromiyam ɗinsa ya kai 24 zuwa 26, nikel 19 zuwa 22, shi ya sa kuɗinsa ya fi na kowa. Harafin L da ke bin lamba yana nufin kabon bai wuce kashi 0.03 ba.

Wani mai shago ya sayar mini da falle da sunan 304, ya ma ɗora masa maganaɗisu a gabana domin in ga bai kama ba. Da muka haska shi da na'urar hannu mai karanta mahaɗan ƙarfe, wadda na aro wajen wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, sai ga manganis da yawa, nikel ɗan mitsitsi, wato dangin 201 ne. Maganaɗisu iyakarsa ya ware 430 daga sauran, ba ya bambanta 201 da 304. Ita ma na'urar da nata gejin, domin ba ta ganin kabon ko kaɗan, alhali kabon ne nake zargi. Na yanki guntu daga kowane samfuri na aika wani ɗakin gwaji a Kudu mai na'urar da ke karantawa ta hanyar tartsatsi.

24 ga Nuwamba, 2024

Mun gama haɗa kayan gwaji. Gwaji na ainihi, irin wanda ƙa'idar gwaji ta Amurka mai lamba ASTM E139 ta tsara, ana jan samfuri ne ta tsawonsa a cikin tanderun da zafinsa ba ya gocewa fiye da 'yan digiri, kuma ba mu da wannan. Namu na kwatanci ne: wa ya fi wa jurewa a wuta ɗaya da kaya ɗaya.

Kowane samfuri an yanke shi siriri, faɗinsa milimita 10, kaurinsa milimita 2, an ɗora shi a kan bulon wuta biyu da ke da tazarar milimita 150. Mun huda ƙasan ƙaramin tanderun lantarki wuri shida, daga tsakiyar kowane samfuri wayar nikurom mai kauri ta sauko ta ramin, a ƙarshenta gwangwanin tumatir cike da ƙusoshi, giram 700 cif. A lissafi wannan yana sa wa fatar samfurin matsin da ya kusa megafaskal 40. Ƙarƙashin kowane gwangwani akwai alamar da muke aunawa da agogon awo, don haka ba sai an kashe wuta ba kafin a san yadda ƙarfe ya sauka.

Kaurin ne ya fi ba mu aiki. Baban da ke mana walda ya ga ina ta maida samfura kan dutsen wasa, ya ce, "Injiniya, wannan ɗan bambancin ai ko farce ba ya jin sa." Na bayyana masa cewa idan kauri ya ragu da kashi 5 cikin 100, matsi yana ƙaruwa da kusan kashi 11, shi kuwa rarrafe ba daidai da matsi yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi, ta yadda wannan ɗan ragin zai iya ƙara saurinsa da kusan kashi biyu cikin uku. Bai ce komai ba, ya karɓi sauran ya daidaita su da kansa, kuma nasa sun fi nawa kyau.

4 ga Disamba, 2024

Mun kunna wuta ranar 1 ga wata. Kafin gari ya waye a rana ta biyu gwangwanin 430 ya sauka ya zauna a ƙasa, da na leƙa ta ƙofar gani sai na tarar samfurin ya lanƙwashe kamar baka, ya kusa zamewa daga kan bulon. Sauran biyar ɗin da ƙyar allurar agogo ta motsa.

Kuromiyam na 430 kusan ɗaya yake da na 304, saboda haka wannan faɗuwa ta nuna cewa ba kuromiyam ke riƙe ƙarfe a wuta ba. Bambancin yana ga yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa. Idan babu nikel, suna zama ne a tsarin da ake kira ferait, mai ɗan sako-sako, wanda ƙwayoyin ke iya sauya mazauni cikinsa da sauƙi in zafi ya yi yawa. Nikel yana tilasta musu zama a tsarin ostenait, inda suke a cunkushe, kowace tana da maƙwabta goma sha biyu maimakon takwas, kuma yawo a cikinsa ya fi wuya ƙwarai. Rarrafe kuwa a kan wannan yawon ya dogara. A cikin kowane ƙarfe akwai wuraren da jerin ƙwayoyi ya sami tangarɗa, kamar sahun da wani layi ya ƙare a tsakiyarsa, kuma gusawar waɗannan tangarɗun ita ce lanƙwasar da ido ke gani. Da sanyi, in tangarɗa ta ci karo da shinge sai ta tsaya. Da zafi kuwa, ƙwayoyin da ke kai da kawowa suna ba ta damar haurawa ta kan shingen ta wuce, sai ta sake samun wani, ta jira, ta sake haurawa. Duk wani mahaɗi da ke ƙara juriya, ko dai yana rage saurin yawon ƙwayoyi ne, ko yana yawaita shingayen.

Na bar 430 a ciki yadda yake domin kada buɗe ƙofa ya sanyaya sauran.

22 ga Disamba, 2024

Zagaye na farko ya ɓaci. An ɗauke wuta da tsakar dare sau biyu ba a tada janareto da wuri ba, kuma mafi muni, na gano cewa iskar hunturu na shiga ta ramukan ƙasa, samfuran da ke kusa da ƙofa sun fi na ciki sanyi da digiri 15. An zubar da awon, za a yanko sababbi.

12 ga Janairu, 2025

Mun toshe ramukan da audugar wuta, mun bar wa waya hanyar da za ta wuce ba gogayya, mun sa bulo a bayan ƙofa, mun kuma ƙara wayoyin auna zafi suka zama uku. Batura da infata suna riƙe tanderun har a tada janareto. Yau da safe aka sake kunnawa da samfura biyar, ramin 430 kuma aka toshe shi.

Yaron da ke kwana wajen ya tambaye ni ko digiri 15 har wani abu ne a cikin 750, kuma tambayar ta cancanci amsa. Akwai lissafin da Larson da Miller suka fitar a Amurka a 1952, wanda ke haɗa zafi da lokaci wuri guda: a ɗauki zafi a ma'aunin Kelbin, a ninka shi da jimlar 20 da logaridim na sa'o'i (logaridim na 1000, misali, 3 ne). Idan ƙarfe zai yi sa'a 1000 kafin ya karye a digiri 750, lissafin yana nuna cewa a digiri 760, da kaya iri ɗaya, sa'a 600 kawai zai yi, a digiri 800 kuwa ba zai wuce sa'a 85 ba. Ta ɗaya ɓangaren, a digiri 700 zai kai sa'a 15,000. Wannan ya sa na koma babban tanderun da wayar awo, na kuwa tarar sandunan da suka fi lanƙwasa su ne na kusa da bakin wuta. Wani ɓangare na laifin da muka ɗora wa ƙarfe, na yadda muka rarraba zafi ne.

2 ga Fabrairu, 2025

Sa'a 500 ta cika, sakamakon ɗakin gwaji ma ya iso. Kabon na 304L ɗinmu kashi 0.02 ne, na 304 ɗin tukunyar tururi 0.06, sauran mahaɗansu kuwa kusan kunnen doki. A kan agogo, 304L ya sauka fiye da ninki biyu na abin da 304 ya sauka. Duka biyun sun fara da sauri a kwanakin farko, daga baya suka lafa suka kama tafiya madaidaiciya, wato sun bar matakin farko na rarrafe sun shiga na biyu; mataki na uku shi ne lokacin da ƙananan ramuka ke buɗewa a ciki, gudu ya ƙaru har a kai ga karyewa.

Bambancin kabon tsakanin su biyun giram 400 ne a cikin tan guda, bai ma kai rabin kilo ba, amma shi ne ya raba su. A masana'anta ana gasa wannan ƙarfe sama da digiri 1000 a sanyaya shi da gaggawa, sai kabon ya zauna a narke a tsakanin ƙwayoyin. Idan ya dawo ya daɗe a zafi irin namu, kabon ɗin yana fitowa ya haɗu da kuromiyam, su zama ƙananan duwatsu masu tauri da ake kira kabaid, ba irin na masu walda da masu nunar da ayaba ba, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Waɗannan duwatsun suna zama a kan tangarɗun jeri su danne su, suna kuma jeruwa a kan iyakokin tsabar ƙarfe. Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne, tarin ƙananan tsaba ne manne da juna, kuma a zafi mai yawa tsabar tana zamewa a jikin 'yar'uwarta. Kabaid a kan iyaka tamkar tsakuwa ce a ƙarƙashin ƙyaure, tana hana shi ja.

To me ya sa ake yin L, har ma ya fi yawa a kasuwa? Domin kabaid ɗin nan yana zuƙe kuromiyam daga gefen iyakokin, kuma hakan na faruwa tsakanin digiri 425 da 860, zafin da gefen walda ke ratsawa. In daga baya ƙarfen ya shiga ruwan gishiri ko ruwa mai tsami, sai tsatsa ta bi iyakokin ta cinye shi ta ciki. Ga mai yin tankin madara ko tukunyar sinadari, rage kabon shi ne daidai. Baba mai walda ya ce shi ya zaɓi L ɗin, domin tun yana yaron shago aka koya masa cewa shi ne mai kyau. Na ce masa, "Baba, gaskiya aka koya maka, ni ne ban faɗa maka inda za a sa shi ba." Dokokin tukwanen matsi na Amurka, na ASME, sun sharɗanta cewa in za a yi aiki da 304 sama da digiri 538, kabon ya kasance aƙalla kashi 0.04, kuma domin haka aka ware 304H, mai kabon 0.04 zuwa 0.10. A ganina wannan shi ne kuskure mafi sauƙin aukuwa a wajenmu, tunda abin da ake tallata shi a matsayin mafi tsabta shi ne mafi rauni a cikin tanderu, kuma na'urar hannun da ake taƙama da ita ba za ta nuna ba.

Naitirojin ma yana yin aiki makamancin na kabon, yana shiga tsakanin ƙwayoyi ya takura tangarɗu, ba kuma ya saurin kwashe kuromiyam kamar kabon. Da shi ake maido wa L ƙarfin da ya rasa, kamar a 316LN. A namu 304L ɗin kaɗan ne aka samu.

16 ga Fabrairu, 2025

Samfurin 316L yana tafiya kusa da 304, a bayansa kaɗan, amma ya bar 304L nesa. Tunda kabon ɗinsu ɗaya ne da 304L, ratar da ke tsakaninsu aikin molibdenam ne, da ɗan ƙarin nikel. Ƙwayar molibdenam ta fi ta baƙin ƙarfe girma, duk inda ta zauna a jeri sai ta takura maƙwabtanta, tangarɗar da ta zo wucewa kuma sai ta ja ta da baya. Abin lura shi ne kashi 2 cikin 100 na mahaɗi mai tsada ya yi kusan aikin da kashi 0.04 na kabon ya yi. Da an haɗa su biyun, kamar a 316H, da an fi haka, sai dai fifikon molibdenam yana raguwa in zafi ya haura 750 kuma lokaci ya yi tsawo, domin yana fita daga jeri ya taru a wasu manyan dunƙulaye marasa amfani.

Wanda ya ba ni kunya shi ne 321. Ni na yabe shi gaban Alhaji, na ce da shi ake yin bututun hayaƙin jiragen sama, ga shi yanzu yana bin sahun 304L. Na goge guntunsa har ya yi sheƙi, na ciza shi da ruwan asid na okzalik da ɗan lantarki, na duba a madubin ƙara girma, sai na ga tsabarsa ƙanana ce ƙwarai, kamar gero kusa da masara in an gwada ta da ta 304. Titaniyam ya fi kuromiyam son kabon, shi ya sa ake zuba shi aƙalla ninki biyar na kabon da naitirojin, domin ya riga kuromiyam kamawa. Idan masana'anta ta gasa fallen a zafin da bai isa ba, kabaid na titaniyam yana zama manya-manya jefi-jefi, ya riƙe kabon ɗin bai bar shi ya yi aiki ba, ya kuma hana tsaba girma. Ƙaramar tsaba ƙarfi ce a sanyi, amma a wuta iyakoki ne suka yawaita, wuraren zamewa da hanyoyin yawon ƙwayoyi suka ƙaru. An ga haka a Amurka a shekarun 1950, lokacin da bututun tururi na 321 a tashoshin lantarki suka riƙa kumbura kafin lokacinsu, kuma daga nan aka fito da 321H, wanda ake gasawa a zafi mafi yawa, ake kuma sharɗanta masa tsaba mai girman lamba 7 a ma'aunin ASTM ko tsabar da ta fi wannan girma. Haka niyobiyam yake a ƙarfe mai lamba 347, in an narkar da shi sosai tun farko sai ya fito daga baya a matsayin ƙura mai laushi a kan tangarɗu, ya zama cikin mafi ƙarfi a wannan dangi.

2 ga Maris, 2025

Sa'a 1000 ta cika tun ranar 23 ga Fabrairu, amma sai da azumi ya kama na sami zama na auna samfuran da sanyinsu. Jerin daga mafi jurewa: 304, sai 316L, sai 310S, sai 321, sai 304L a ƙarshe. Samfuri ɗaya-ɗaya ne daga kowane iri, don haka tsakanin 304 da 316L ba zan yanke hukunci ba, amma ratar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ta wuce a ce kuskuren awo ne.

Matsayin 310S ya ɗaure wa Alhaji kai, ya ce, "Wanda ya fi tsada shi ne na uku?" Haka ne, kuma ba abin mamaki ba ne, domin kabon ɗinsa ƙasa yake da na 304 ɗin, tsabarsa ma ba ta kai tasa ba. Amma da na jera su a kan farar takarda, 310S ya fito da fata baƙa-baƙa mai santsi, manne da jikinsa, su kuwa dangin 304 suna zubar da ɓawo in an ƙwanƙwasa. Yawan kuromiyam aikinsa ke nan, kare fata daga cin wuta. Yana kuma da nasa sharrin: tsakanin digiri 600 da 900, in an daɗe, kuromiyam da baƙin ƙarfe suna haɗa wani abu mai tauri da gautsi da ake kira sigma, molibdenam da silikon kuma suna hanzarta shi. A wurin walda ya fi saurin fitowa, saboda ɗan ferait da ake bari a ciki da gangan don kada waldar ta tsage tana hucewa. Mun ga alamarsa a tsohon gadon tanderun, inda Baba ya sa guduma zai miƙar da sanda, mahaɗar walda ta tsage maimakon ta lanƙwasa. Na hana a sake dukan ƙarfen da ya daɗe a wuta da sanyinsa.

13 ga Afrilu, 2025

Bayan sallah na koma kan wani abin da gwajin farko bai taɓa ba. Farar ƙasa in ana gasa ta tana zubar da kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinta a matsayin tururi, kuma tururi yana lalata fatar kuromiyam, musamman a ƙarfe mai kashi 18. Sandar da ɓawo ke ci tana sirancewa, in ta sirance matsi ya ƙaru, rarrafe ya ninku. Ƙaramin tanderunmu busasshe ne, ke nan ya yi wa 304 sassauci. Akwai ƙarafan da aka ƙera domin su haɗa juriyar biyu, kamar 253MA da aka fara yi a Suwidin, mai kuromiyam kusan 21, nikel 11, silikon 1.6, naitirojin 0.17 da ɗigon seriyam, inda naitirojin da kabon ke riƙe jiki, silikon da seriyam kuma su riƙe fata. A Japan an bi wata hanyar, aka zuba wa 304H jan ƙarfe kashi 3 da niyobiyam da naitirojin domin bututun manyan tashoshin lantarki. Na nemi wani mai shigo da kaya ya samo mana guntun 253MA.

Kafin ya iso mun yi abin da ba ya buƙatar jiran jirgi. Mun gina ginshiƙin bulon wuta a tsakiyar kowace sanda a babban tanderun, tazara ta ragu da rabi, matsi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, mun kuma sa katanga gaban bakin wuta domin harshenta ya daina lasar sandunan gaba. Alhaji ya amince a sauya sandunan sahu ɗaya kawai da 304 mai takardar shaidar kabon sama da 0.04, sauran a jira.

An kunna zagaye na uku jiya da yamma, kuma wannan karon akwai siririn bututu da ke ɗiga ruwa a kan bulo mai zafi a cikin tanderun. Samfura biyar ne: 304 guda biyu, 310S ɗaya, 321 yadda ya zo, da wani 321 da na gasa a digiri 1100 na rabin sa'a na tsoma a ruwa, wanda tsabarsa ta girma a madubi. Na auna nauyin kowane kafin a sa shi, domin a san yawan abin da ɓawo zai ci. Ramin na shida na 253MA ne, in ya iso kafin sa'a 200 za a kashe wuta a sa shi a riƙa lissafa masa nasa sa'o'in daban, in kuwa ya wuce haka sai zagaye na huɗu.